Neman wanda zai koya mini duba yara: littafin Janairu zuwa Yuni 2025

Litinin, 6 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta lulluɓe Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka, tun kafin asuba. An rufe makarantu, yara suna falo suna ta ɓarna, ni kuwa da dare dole in fita, don asibiti ba ruwansa da ƙanƙara. Kafin lokacin bari in fara ajiye lissafin wannan nema, ko don kada in kira wuri ɗaya sau biyu in ji kunya.

Ga yadda abin yake. Ni nas ce, ina aikin dare uku a mako, Asabar zuwa Litinin, awa 12 kowane dare. Ina kuma karatun digiri na biyu ta intanet don in zama NP ta iyali, wato nas mai lasisin duba marar lafiya, ta tura shi gwaji, ta rubuta masa magani. A nan Maryland tun 2015 doka ta ba NP damar yin aikinta ba tare da likita yana sa mata hannu ba. Amma kafin hukumomin jarrabawa, AANP ko ANCC, su bari ka zauna, sai ka kawo aƙalla awa 500 da ka yi kana duba marasa lafiya a ƙarƙashin wani. Ƙa'idojin da aka fitar a 2022 sun ce a kai 750, makarantarmu kuma ta bi su: manya 200, yara 150, mata 150, sai iyali gaba ɗaya 250.

Wannan wanin da za ka zauna ƙarƙashinsa shi ake kira firisefta. Likita ne ko NP, ya yarda ka bi shi ɗaki-ɗaki, ya saurari abin da ka gano, ya gyara maka, ya sa hannu a awanninka. Kyauta. Kuma kai za ka nemo shi.

Lokacin da nake makarantar jinya a Kano, takardar fostin liƙa ta ake yi a allo, ka duba sunanka, ka ga an tura ka ɗakin yara ko ɗakin haihuwa, ka goge farin kaya ka tafi. Ban taɓa zaton wannan ni'ima ba ce sai yanzu.

Na manya na samu, wata likita da muka daɗe muna aiki tare ta karɓe ni. Na yara nake nema. Zangon zai fara 12 ga Mayu, takardu kuma sai sun shiga kafin 14 ga Maris.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar farko a wurin manya. Awa 8. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, sai mura.

Talata, 14 ga Janairu

Na dawo aiki ƙarfe takwas, na yi barcin awa uku, na tashi na haɗa jerin asibitocin yara 34 da ke tsakanin Catonsville, Towson, Columbia da Glen Burnie. Na kira 15. A guda tara na'ura ce ta ɗauka, na bar saƙo. Huɗu suka ce ba sa ɗaukar ɗalibai. Ɗaya ta ce sun cika har ƙarshen 2026. Ta ƙarshe ta ce in turo takarda ta faks. Faks! Sai da na je shagon buga takardu na biya dala 4.

Alhamis, 23 ga Janairu

An kira 34 duka, an tura imel 22. Amsa biyu, duka a'a. Sauran shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Jiya aka sanar da rasuwar Loretta Ford tana da shekara 104. Ita ce da likitan yara Henry Silver suka kafa karatun NP na farko a Jami'ar Colorado a 1965, kuma da duba yara suka fara. Shekara sittin bayan haka, ɓangaren yaran ne ya fi kowanne wuyar samu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: asibitocin yara ba su kai na manya yawa ba, kuma ɗaliban likitanci, da ɗaliban PA, wato mataimakan likita, da masu karanta NP ta yara zalla, da mu 'yan iyali, duk ƙofa ɗaya muke ƙwanƙwasawa. Mu ne a ƙarshen layi.

Awannin manya: 36.

Laraba, 29 ga Janairu

Na daina waya, na fita da ƙafata. Na buga takardar tarihin aikina kofi goma, na sayi kwalin donot biyu, dala 26, na zaga wurare shida.

A na huɗu ne na ga abin da ya buɗe mini ido. Manajar ofis, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya, ba ta kore ni ba. Ta jawo aljihun teburinta ta nuna mini: takardun ɗalibai ne tuli guda, an ɗaure da roba, kaurinsu ya kai yatsu uku. Ta ce likitansu yana ganin yaro kowane minti 15, idan ɗalibi yana biye da shi sai a rage mutum uku ko huɗu a wuni, kuma ba wanda zai biya wannan giɓin. Ta ɗauki donot ɗaya, ta sa takardata a ƙarƙashin robar, ta rufe aljihun.

Ban ji haushinta ba. Gaskiya ta faɗa. Horon likitoci bayan digiri gwamnatin tarayya ce ke zuba masa kuɗi ta Medicare, shirinta na inshorar lafiyar tsofaffi, namu kuwa babu irin wannan tukunyar. Wanda ya ɗauke ka daga lokacinsa yake yanka maka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi! Wata NP ta yara a ɗaya daga cikin wuraren da na zaga ta kira ni da kanta. Ta ce ita ma ta sha wannan wahalar shekara takwas da suka wuce, za ta ɗauke ni Laraba da Alhamis. Minti 20 ne daga gida. Na kira Baban yara a wurin aiki ina ta murna, ya ce, "Maman yara, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." Na ce shi dai ba ya raina abin ɓata wa mutum rai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na tura wa makaranta lambar lasisinta, da takardar shaidar ƙwarewarta, da sunan manajan wurin. Saura yarjejeniya tsakanin makaranta da asibitin.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ba labari. Na tura tuni. Awannin manya: 88.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ta rushe.

Ashe ƙaramin asibitin ba mai zaman kansa ba ne, wani babban rukunin asibitoci ya saye shi shekarun baya, allon ƙofa ne kawai ba a canza ba. Duk ɗalibin da zai shiga sai ya bi ta ofishinsu na tsakiya, su kuma suna da jerin makarantun da suka yi yarjejeniya da su, tawa ba ta ciki, kuma ba sa ƙulla sabuwa da makarantun intanet na wata jiha. Imel ɗin layi uku ne. Ita NP ɗin ta kira ni tana ba ni haƙuri, ta ce wallahi ba ta san haka abin yake ba. Na yarda. Ita aikinta duba kunne da maƙogwaro, ba karanta kwangila ba.

Abin da ya fi ci mini rai laifina ne. Mako uku cur na zauna na naɗe hannu, ban kira ko wuri ɗaya ba, don na ɗauka magana ta ƙare. Da na san yadda abin yake, tambayar farko da zan yi ba "za ki ɗauke ni?" ba ce. Ita ce "wa ke da wurin nan, kuma wa ke sa hannu?" Amincewar firisefta rabin tafiya ma ba ta kai ba.

Saura kwana 15. Baban yara bai ce komai ba, ya dai dafa mini shayi. Da ya tuna mini maganar ɗan kuturu da mun yi faɗa.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku. Na yi waya da jami'ar makaranta mai kula da fostin. Na shirya tsaf, na karanta mata ƙa'idar hukumar CCNE da ke tantance makarantar, wadda ta fara aiki a 2019, inda aka ɗora wa makaranta alhakin tabbatar da cewa akwai isassun wuraren aikin asibiti. Ta saurare ni da ladabi. Ta ce suna "tallafa wa ɗalibi a nemansa", ta turo mini jerin sunaye 19 da suka taɓa ɗaukar ɗalibansu a Maryland.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Likitocin yara huɗu ne kacal a ciki. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ta koma Florida, lambar ɗaya wani shagon gyaran farce ne ya ɗauka, ta huɗun tana cikin 34 ɗina na farko.

Kuɗin zangon da za a yi fostin ɗin daidai yake da na zangon da malami ke koyarwa. Ba a rage ko sisi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na tambayi kamfanoni biyu daga cikin masu haɗa ɗalibi da firisefta a biya su. Na farko dala 14 a kan kowace awa, wato 2,100 na awa 150, sannan kuɗin rajista. Na biyu dala 2,600 dunƙule, rabi a gaba, kuma wurin da suke da shi a Virginia yake. Babu wanda ya yarda ya faɗa mini sunan asibiti kafin in biya, ballantana in san ko makarantata za ta amince da shi.

Bayan tarawihi muka zauna da Baban yara muka yi lissafi. Idan na rasa zangon nan, kwas ɗin sai baɗi za a sake buɗe mini shi a jere, kammalawa ta ja baya. Ya ce kuɗi ƙare magana, a taɓa abin da muke tarawa na tafiya gida. Na ce a ba ni zuwa ƙarshen wata. Ba kuɗin kaɗai ke damuna ba. 'Yar ajinmu ta biya irin wannan bara, ta je ta tarar su biyar ne a bayan mutum ɗaya, ta gama awa 150 tana jingine da bango, ba ta taɓa leƙa kunnen yaro da hannunta ba. Awannin sun cika a takarda. Ni kuwa wata rana uwa za ta miƙo mini jariri mai zazzaɓi ta zuba mini ido.

Talata, 11 ga Maris

Tun da aka tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadi, kamar yadda ake yi a nan kowace shekara, shan ruwa ya koma bayan ƙarfe bakwai, daidai lokacin karɓar aiki. Jiya da dabino uku a aljihu na sha ruwa, ina tsaye ana karanta mini gadaje.

Wata abokiyar aiki ta haɗa ni da ƙanwar mijinta, NP ta yara, ta amince nan take. Yau makaranta ta ƙi. Takardar ƙwarewarta ta yaran da ke kwance a asibiti ce, masu tsananin ciwo, ni kuwa kwas ɗina na asibitin je-ka-dawo ne: awo, rigakafi, tari, ƙuraje. A nan kam makaranta ta yi daidai, ko da yake ban so jin haka ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Wa'adi ya cika ba ni da kowa. Na roƙi ƙari, an ba ni zuwa 4 ga Afrilu, da sharaɗin in kawo suna da takardu, yarjejeniya ta biyo baya.

Ban yi niyyar zuwa shan ruwa a masallaci ba, yara ne suka matsa. A wajen mata na zauna kusa da wata Anti 'yar zangon Kumasi, tsohuwar nas, ta yi ritaya. Shekara nawa muna gaisawa, ban taɓa gaya mata ina karatu ba. Ta dube ni ta ce, "'Yata, lafiya? Kin rame." Na ce azumi ne, Anti. Ta ce azumi ba ya sa mutum ya riƙe cokali ya manta da shi. Sai na kwashe duka na gaya mata.

Ta ajiye kofin kokonta ta ce, "Ke kuma sai ki yi ta kiran baƙi, ki bar mu a zaune?" Ta ciro waya, ta yi ta latsawa da yatsa ɗaya, ta samo lambar wata likitar yara da suka yi aiki tare shekaru da yawa, yanzu tana wani asibitin al'umma can hayin gadar Chesapeake, a yankin Eastern Shore. A gabana ta bar mata saƙo: ga 'yata nan, ki ɗauke ta.

Wata biyu ina bin ƙofofin da ba a san ni ba. Kunyar a ce ina roƙo ce ta hana ni buɗe baki a inda aka san ni.

Laraba, 19 ga Maris

Likitar ta kira. Kafin komai na tambaye ta wa ke sa hannu a yarjejeniya. Ta yi dariya ta ce da alama an taɓa ƙona ni. Asibitinsu irin waɗanda gwamnatin tarayya ke tallafawa ne don marasa ƙarfi, suna da hukumar gudanarwarsu, shugabar wurin ce ke sa hannu bayan lauyansu ya duba. Ba su da yarjejeniya da makarantata, amma ba su da dokar da ta hana.

Na ambata mata rangwamen harajin da Maryland ke ba firiseftocin da ba a biya a yankunan da ke da ƙarancin ma'aikatan lafiya, dala 1,000 kan kowane ɗalibi har zuwa 10,000 a shekara idan sharuɗɗa sun cika. Ta ce ta san da shi, ba don shi take yi ba. Tana so ta gan ni tukun.

Ban daina nema ba wannan karon. Na kira wurare biyar a Frederick da Harford. Babu.

Laraba, 26 ga Maris

Na je. Awa ɗaya da minti 45 daga ƙofar gida, ta hanya mai lamba 50, a tsallaka gadar Chesapeake. Gadar ta haura mil huɗu, ga tsayi, ga iska, ba kafaɗar da za ka tsaya. Sai da na hau rediyo ya tuna mini yau shekara guda cif da jirgin ruwa ya rushe gadar Key ta Baltimore. Na kashe rediyon, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati har na sauka.

Wurin ƙarami ne, ɗakin duba yara huɗu. A ɗakin jira na ji Turanci, da Sifaniyanci, da yaren mutanen Haiti, iyayen da yawansu a kamfanonin kaji suke aiki. Likitar ba ta ko kalli takardata ba. Ta miƙo mini abin leƙa kunne ta ce in shiga ɗaki na biyu tare da ita, da izinin uwar. Yaro ɗan wata 18 yana ta tsala ihu. Na nuna wa uwar yadda za ta rungume shi a ƙirji, hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan hannayensa, na ja kunnen na leƙa. Na ce ina ganin ja, amma ban tabbata ko kumburi ne ko kukan ne ya ja shi ba. Da muka fito ta ce wannan "ban tabbata ba" ɗin ne ya sa za ta ɗauke ni.

Mai da kuɗin gada: kusan dala 25. Sau 19 zan yi wannan tafiya, wajen dala 475 ke nan. Ya fi 2,100 sauƙi, amma bayana ne zai biya sauran.

Litinin, 31 ga Maris

An yi Sallah lafiya. Takardun likita sun shiga, makaranta ta amince da ita. Awannin manya: 152.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yarjejeniya tana hannun lauyoyi. Sun tsaya a kan layi biyu: idan rigima ta taso dokar wace jiha za a bi, da kuma inshorar wa za ta fara biya idan ɗalibi ya yi kuskure. Na koyi dabara. Duk ranar Talata ina tura imel ɗaya gajere ga ɓangarorin biyu a haɗe, in gaishe su, in tambaya a hannun wa takarda take. Ba wanda ke son a ga a teburinsa ta kwana.

Talata, 22 ga Afrilu

Gwajin tarin fuka na ya ƙare wa'adi. Fom ɗin asibitin ya ce a yi na fata sau biyu. Na kira nas ɗinsu na ce an yi mini BCG, rigakafin tarin fuka, ina jaririya kamar yawancin 'yan Najeriya, tabon yana nan a dantsena na hagu, gwajin fata kuma yakan kumbura mini ko ba komai, daga nan a ce sai hoton ƙirji. Ta yarda da na jini, QuantiFERON, wanda BCG ba ya ruɗa shi. Dala 95 daga aljihuna. Sabunta katin ceton numfashi, 70. Binciken tarihi da gwajin fitsari da wurin ya nema nasa daban, 118.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Awa 200 na manya sun cika. Na kai wa likitata kati da kwanon dubulan.

Litinin, 12 ga Mayu

An buɗe zango. 'Yan aji sun fara shigar da awanni, ni ba dama in taka ƙofar asibitin sai an sa hannu. Lauyan makaranta ya tafi hutu.

Laraba, 21 ga Mayu

An sa hannu. Mako bakwai da 'yan kwanaki. Na karanta imel ɗin sau biyu, na tura wa Baban yara hotonsa ba tare da ko kalma ba. Ya amsa: "Ɗan kuturu ya shekara arba'in."

Mako biyu sun tafi a banza. Zango zai rufe 8 ga Agusta. Laraba da Alhamis, awa 8 kowace rana, kwana 19 nake buƙata, ina da 22. Yaro ya yi zazzaɓi sau biyu, mota ta ƙi tashi sau ɗaya, shi ke nan rarar ta ƙare.

Laraba, 28 ga Mayu

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata. Yara 17 muka gani, shida ni na fara shiga. Na manta auna zagayen kan wata jaririya 'yar wata huɗu, likita ta mayar da ni. Ta ce kafin gobe in haddace rigakafin wata biyu, huɗu da shida, ba ta son ganina ina leƙa waya a gaban uwa.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya aka yi Babbar Sallah, na kai wa Anti nama da kaina. Awannin yara: 32. Ranar Alhamis masu tafiya bakin teku a Ocean City sun fara cika hanya, amma su gabas suke nufa da yammaci, ni ina komowa yamma, sai dai in yi musu kallo.

Fostin ɗin mata zai fara ƙarshen Agusta, takardu kafin 27 ga Yuni. Wannan karon na fara daga ɗaya gefen: na sa makaranta ta turo mini sunayen wuraren da yarjejeniyarsu ke raye yanzu, ba waɗanda suka taɓa yi ba. Guda uku ke duba mata. Likitar yara ta ce akwai ungozoma a ginin da ke kusa da nasu, ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, wato yarjejeniyar da aka sha wuya a kanta za ta iya ɗaukar mu duka. Amma tana da ɗaliba har Oktoba. Ranar Laraba da tsakar rana zan tsallaka in gaishe ta.